Shekara uku nan, shekara uku can: me ke mai da anfirmiye aji?

Wata Juma'a bayan la'asar 'yar yayata ta sauka daga kan kalando, babur ɗin haya, a ƙofar gidana a Garwa ta arewacin Kamaru, ƙura har gira. Daga ƙauye take, inda take riƙe da ƙaramin asibitin gwamnati shekara shida ke nan. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta shanye ba, ta zaro wata takarda mai sheƙi daga jaka ta ajiye mini a cinya. Tallar wata makaranta ce mai zaman kanta: hoton 'yan mata cikin fararen kaya suna murmushi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa cikin shekara ɗaya mai diflomar jinya zai samu lisans, wato digirin farko na jami'a, karatu Asabar da Lahadi kawai.

"Kawu, duba mini wannan. Ƙarshen wata ni ke ɗaukar adashi. In zuba a nan, ko in sayi filin da Inna ke ta yi mini magana?"

Na juya takardar gaba da baya. Akwai lambar waya har uku, akwai kuɗin rajista, akwai alkawarin biya kashi-kashi. Abin da nake nema ne babu. Na ce ta je ta yi salla ta ci abinci, maganar ba ta tsaye ba ce.

Ni ma wannan hanya na bi, ina da shekara arba'in da 'yan kai, bayan na yi kusan ashirin ina aikin kwana a ɗakin marasa lafiya. Tambayar da ta yi mini ita ce wadda ƙananan ma'aikata ke tare ni da ita a Garwa da Marwa da Ngaundere, kuma kusan duka tun daga tushe suke rikicewa. Sun ɗauka digirin takarda ɗaya ce mai buɗe komai. Ba haka ba ne. Jami'a daban take kallon ta, masu ba da izinin aiki daban, mai biyan albashi kuma shi ma da nasa lissafin.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, wanda ake kira IDE, wato anfirmiye, ma'aikacin jinya mai diflomar ƙasa, sai ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya ci konkur, jarrabawar gasar shiga da Ma'aikatar Lafiya ke shiryawa, ya yi shekara uku cur tsakanin aji da asibiti, sannan ya ci jarrabawar fita. Lisans ɗin jami'a ita ma shekara uku ce bayan bak. To me ya sa wanda ya yi uku can zai dawo ya nemi ta ukun nan?

Dalilin, gidan biyu ne. Makarantun jinya na Ma'aikatar Lafiya ne, an gina su don su samar da hannun aiki ga asibitoci. Jami'o'i kuwa na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ne, kuma da nasu mudun suke awo. Mudun nan shi ne tsarin da ake kira LMD, lisans, masta, dakta. Asalinsa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Bolonya a 1999 don takardun jami'o'insu su riƙa fahimtar juna. Shugabannin ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, har da Kamaru da Chadi, suka amince da shi a Libreville a 2005, jami'o'in Kamaru suka fara aiki da shi daga 2007. A wannan tsari ba shekaru kawai ake ƙirgawa ba, kiredi ake ƙirgawa: 30 a kowane zango, 60 a shekara, 180 su ba da lisans, ƙarin 120 su ba da masta. Diflomar da ke hannun dubbanmu ba da wannan mudu aka auna ta ba. Idan ka kai ta jami'a, ba cewa za su yi ba ka yi karatu ba, cewa za su yi ba su san a wace kwarya za su zuba ta ba.

Abin dariyar shi ne, daga Faransa muka gaji wannan difloma har da sunanta, kuma su can sun warware kullin tun 2009. Sun haɗa makarantun jinyarsu da jami'o'i, waɗanda suka fara fita a sabon tsarin a 2012 suka fito da difloma mai darajar lisans. Ingila ta mai da digiri sharaɗin shiga aikin jinya daga 2013. A nan gida ma ɓangaren masu Ingilishi ya daɗe da digirin jinya a Jami'ar Buea. Mu 'yan tsohuwar difloma, sai dai kowa ya nemo gadar da zai haye da kuɗin aljihunsa.

Gadar ita ce abin da aka tallata wa 'yar yayata. Makaranta ta karɓi dosiyenka, wato tarin takardunka, ta duba diflomarka da sakamakon shekarun ukun, ta sa ka a aji na uku na lisans ɗin sana'a. A yawancin wuraren da na gani shekara ɗaya ce, wasu kuma kan mayar da mutum aji biyu. Ana yin darussa, ana yin staj, wato koyon aiki a asibiti, a ƙarshe a rubuta kundin bincike a kare shi gaban malamai. Da wannan lisans ne ake shiga masta. Duk wanda ke da burin koyarwa a makarantar jinya, ko lafiyar al'umma, ko shugabancin ma'aikatan jinya na babban asibiti, ta nan zai bi.

Sai dai a nan ne ake cinikin biri a sama. Makaranta mai zaman kanta ba ta da ikon ba da lisans da sunanta kawai. Sai ta samu izinin kafawa da na buɗewa daga Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, kuma izinin nan fanni-fanni ne: makarantar da aka yarje wa koyar da akanta da kasuwanci ba a yarje mata jinya ba don kawai ta sayo fararen riguna da gunkin roba. Bayan haka sai ta samu jami'ar da za ta goya ta, abin da ake kira titel, wadda za ta duba manhaja, ta sa ido kan jarrabawa, ta sa hannu a takardar. Abin da na nema a tallar nan ban gani ba ke nan: sunan jami'ar da ke goyon su, da lambar takardar izinin fannin jinya. Makarantar da ke da su ba ta ɓoyewa, a saman talla take rubutawa don su ne jarinta.

Na san wani abokin aiki, tare muka yi shekaru a ɗakin tiyata, wanda ya sayar da bijimai biyu ya yi shekara yana sintiri kowace Asabar zuwa wata irin wannan makaranta. An yi bikin yaye su, sun sa doguwar riga da hula mai tunku, hoton yana rataye a falonsa har yau. Da ya je neman takardar ainihi sai aka ba shi wata shaidar kammalawa mai hatimin makarantar kaɗai, aka ce ta jami'a tana tafe. Shekara huɗu tana tafe. Ya kai shaidar neman masta, aka dawo masa da ita. In mun haɗu ba na tayar da zancen, shi ma ba ya tayarwa.

Batun izinin aiki kuma ba ya hannun jami'a ko kaɗan. Wanda zai taɓa marar lafiya da sunan anfirmiye sai ya yi rajista da ƙungiyar doka ta ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu fasahar lafiya, wadda muke kira Ordur. Mai IDE ya riga ya haye wannan. Lisans ba ta ƙara masa ikon yanka ko na rubuta maganin da ba ya rubutawa da can, balle ta mai da shi likita, ko da mutanen ƙauye sun daɗe suna ce masa dokta. Waɗanda suka sha wahala su ne yaran da suka shigo ta ɗaya ƙofar: suka yi BTS ko HND, diflomomin sana'a na ɓangaren Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, a makarantu masu zaman kansu, wasu suka ɗora lisans a kai, ba su taɓa bi ta konkur ɗin Ma'aikatar Lafiya ba. An yi shekaru ana ja-in-ja kan rajistarsu, sai a 2024 ma'aikatun biyu suka zauna suka tsayar da cewa irin waɗannan sai sun ci wata jarrabawar ƙasa ta cancanta. Iyaye da yawa a unguwanninmu sun biya kuɗin BTS suna zaton sun yi ɗa anfirmiye. Shi ya sa in ƙaramin yaro mai sabon bak ya tambaye ni, shawarata daban take da wadda nake ba mai difloma a hannu.

Yanzu ga inda zuciyar kowa take, wato albashi. Ma'aikatan gwamnati a Kamaru rukuni huɗu ne, A da B da C da D. Dokar da ta tsara ma'aikatan lafiya, ta 2001, ta sa mai diflomar ƙasa a rukunin B, babban anfirmiye a rukunin A, mataimaka kuma a C da D. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. Yana taɓa albashi, yana taɓa fansho, yana taɓa irin kujerar da za a iya ba ka. Tun 2020 ma ya taɓa shekarun ritaya: 60 ga A da B, 55 ga C da D. Ke nan ga mataimakin jinya da ya yi ƙoƙari ya zama IDE, haye matakin na nufin ƙarin shekara biyar na albashi, kuma a ganina wannan tsalle ya fi na lisans saurin biyan kansa, ko da yake ba a cika zancensa ba.

To amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Lisans a hannu ba ta canza rukuni da kanta. Sai an haɗa dosiye, an bi ta hannun shugabanni, an jira hukuncin masu kula da ma'aikata, wani lokaci kuma hanyar ita ce konkur na cikin gida, wanda ba kullum ake buɗe shi ba kuma kujerunsa ƙidayayyu ne. Tambayar farko da za a yi wa dosiyen ita ce: wa ya ba ka izinin tafiya karatu? Wanda ya sulale ya yi karatunsa ta hanyar musayar kwana da abokan aiki, ba tare da takardar izini ba, yana iya dawowa da lisans ta gaskiya amma ta zauna a akwati. Ni nawa dosiyen da izininsa da komai, sai da ya yi shekara biyu da rabi a wani ofis da ba zan ambata ba. Sau uku ina shiga jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere, in sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Birkitiri ta Yawunde, in wuni a kan benci, a ce mini takarda ɗaya ta ɓata, in sake kawowa. A zuwa na uku na tafi da kofe biyar na kowace takarda, duka da tambarin tabbatarwa.

Wannan duk ga mai lambar ma'aikaci ne. Da yawa cikin masu jinya a arewa ba su da ita. Asibitin ne ke ba su ɗan abin da ya samu daga kuɗin shiga, wasu shekara goma a haka. A jawabinsa na ƙarshen 2024 Shugaba Paul Biya ya yi alkawarin ɗaukar ma'aikatan lafiya 9,944 a kwantiragi cikin shekara biyar, wanda ya nuna girman ramin. Ga wanda ke cikin wannan rami, lisans ba za ta ƙara masa ko dala ba a inda yake. Amfaninta a wajensa shi ne ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa Mai Nisa, wajen Mokolo da Mora da Kusiri da sansanin Minawawo, waɗanda kan nemi mai digiri a muƙaman sa ido da haɗa rahoto.

Akwai tambayar da tsofaffin majo-majo, shugabannin ma'aikatan jinya na ɗakunan asibiti, kan yi da ɗan murmushi: shin wannan karatu yana warkar da kowa? Majon da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yakan samu jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, da hasken tocila, kuma ko bak ba shi da ita. Da ya ji za ni jami'a cewa ya yi, "Ɗana, can za su koya maka abin da ban koya maka ba?" Ban ba shi amsa ba a ranar.

Masu bincike sun yi ƙoƙarin aunawa. Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a Amurka, suka wallafa a 2003 cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na masu digiri a cikin ma'aikatan jinyar asibiti yana tafiya da raguwar kashi 5 cikin 100 na haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata. A 2014 suka maimaita a Turai, asibitoci 300 a ƙasashe tara, marasa lafiya sama da 420,000, mujallar Lancet ta buga: raguwar ta kai kashi 7. Masu tallar makarantu suna son wannan adadi. Abin da ba sa faɗa shi ne ɗaya rabin binciken na 2014: duk ƙarin marar lafiya ɗaya a kan ma'aikacin jinya ɗaya yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 7 shi ma. Wato in ka ɗauke mutum daga ɗakin da su biyu ne ka tura shi karatu, ba ka kawo madadinsa ba, abin da ake fatan samu gobe yau ake asararsa. Kuma asibitocin Turai ne, inda likita ke kusa.

Wannan na ƙarshe, a ganina, ya ma fi ƙarfafa hujjar karatun a wajenmu. A asibitin ƙauye irin wanda 'yar yayata ke riƙewa babu likita, haka tsarin yake: sai an je asibitin da ya fi shi girma ake samunsa. Ita ke duba marar lafiya, ita ke yanke hukuncin wannan zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ita ke karɓar haihuwa, ita ke cike takardun cek sante, tsarin rangwamen kuɗin awo da haihuwa na mata masu ciki da aka fara a jihohin arewa uku a 2015 a kan jaka shida, ita ke tsara rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga yara da damina, ita za ta fara ganin amai da gudawa sun yi yawa a wata unguwa ta san kwalara ce kafin kowa ya sani a birni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 467 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, bayan 782 da aka ƙirga a 2011, kuma yawancin hukuncin da ke raba mai rai da gawa a irin waɗannan ɗakuna ake yanke shi, da tsakar dare, a kan ko a tura mace gaba yanzu ko a jira asuba. Mai irin wannan nauyi ya fi nas ɗin Turai bukatar zurfin ilimi.

Zan faɗi gaskiyar abin da na samu. Rabin darussan maimaici ne. Wani malami yakan zo ya karanto mana takardarsa mu rubuta, abin da na sani tun shi yana makarantar sakandare. Game da allura, sa robar fitsari, wanke ciwo, ko ƙwayar zarra ban ƙaru ba. Inda na ƙaru shi ne wajen da ban zata ba: lissafin ƙididdiga da hanyar bincike, darussan da na fi tsana. Da lokacin kundi ya zo na ɗauki batun matan da ke zuwa awon ciki sau ɗaya su ɓace. Na kwashi manyan rajistocin shekara uku daga wani ƙaramin asibiti, waɗanda gara ta fara ci, na zauna ina shigar da su kwamfuta da yatsa biyu, ɗana yana yi mini dariya. Shekara da shekaru muna cewa jahilci ne, ko mazan ne ke hana su. Da na jera kwanakin sai abin ya fito fili: ranar awon ta faɗo daidai da ranar kasuwar babban ƙauyen da ke kusa, kuma matan da suka fi ɓacewa su ne na ƙauyukan da mayo, wato rafi, ke raba su da asibitin in ruwa ya sauka. Aka matsar da ranar awo, aka riƙa fita wajensu kafin damina ta kankama. Rajistocin nan da hannuna na cike irinsu ɗaruruwa, ban taɓa sanin suna magana ba. Da majo yana raye, amsar da zan ba shi ke nan.

Kuɗi kuwa, kada kowa ya ruɗu da jaka hamsin ɗin da aka sani a matsayin kuɗin shekara a jami'o'in gwamnati tun gyaran 1993. Wannan na karatun gama-gari ne. Fannonin sana'a, ko a jami'ar gwamnati, kuɗinsu daban ne, a masu zaman kansu kuwa ana maganar ɗaruruwan jaka, ban da haya, mota, buga kundi da kuɗin kare shi. A da duk mai son irin wannan karatu sai ya gangara kudu, Duwala ko Yawunde, inda makarantar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Katolika ta Afirka ta Tsakiya ta yi suna a lisans da mastan jinya. Yanzu arewa na da jami'o'in gwamnati uku: Ngaundere tun 1993, Marwa tun 2008, Garwa tun 2022, ita kuma da tsangayar likitanci. Wannan ya rage nisa, ya kuma ba makarantu masu zaman kansu na nan iyayen goyo a kusa, wanda za ka iya zuwa da ƙafarka ka tambaya ko da gaske suna goyon wance.

Ga mace, lissafin ya wuce na kuɗi. Akwai maigida da za a shawo kansa, akwai goyo, akwai uwar miji da za ta ce wane irin karatu ne ba ya ƙarewa. Na ga mace tana shayarwa a bayan aji tana rubutu da ɗaya hannun, na kuma ga wadda ta bari ana saura wata biyu don an mayar da mijinta wani gari. Karatu ta intanet da ake ta yayatawa zai iya sauƙaƙa wannan, amma wanda ya san yadda wuta ke yi mana da bazara in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, da yadda netuwok ke ɓacewa da zarar ka bar kwalta, ya san iyakarsa. Kuma duk makarantar da ta ce har staj ta waya za a yi, a guje ta.

Wasu kan ce ai ga Najeriya nan kusa, Yola da Maiduguri, ga harshe ɗaya a kasuwa. Gaskiya ne sun riga mu nisa: Jami'ar Ibadan ta buɗe digirin jinya tun 1965, kuma don waɗanda suka riga suka zama nas aka buɗe shi. Amma digirinsu shekara biyar ne, mai rajista kan shiga daga aji biyu, da Ingilishi ake yi, kuma sai hukumar jinyarsu ta san da kai. In ka dawo da shi, sai ya bi ta kwamitin daidaita takardun waje a Yawunde kafin ya yi aiki a nan. 'Yan'uwanmu na Chadi da ke cika Dang, inda Jami'ar Ngaundere take, da Marwa su sun ɗan fi samun sauƙi, tunda mudun LMD ɗaya ne a ƙasashen biyu, amma su ma sai sun kai takardarsu an tantance a Injamena.

Akwai kuma waɗanda ba don Kamaru suke karatun ba, ko da ba sa faɗa. Lardin Kebek na Kanada ya ɗebi ma'aikatan jinya masu Faransanci daga nan tun 2022, kafin ya dakatar da zuwa ɗiba a yawancin ƙasashen Afirka a 2024. Jamus ma na jan matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru da Chadi cikin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu, saboda ƙarancin da suke ciki. Jerin bai hana mutum tafiya da ƙafarsa ba, ni kuma ba zan zagi wanda ya yi shekara takwas ba lambar ma'aikaci don ya tafi ba.

Abin da ya fi damuna ba masu ƙetare teku ba ne, masu ƙetare baranda ne. Tun cibiyar CESSI da aka kafa a Yawunde a shekarun 1970 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, babban karatun jinya a wajenmu don samar da malamai da shugabanni aka tsara shi. Har yau haka tunanin yake. Da ka samu lisans sai a ba ka teburi, da ka samu masta sai a kira ka hedikwatar jiha ko Yawunde. Cikin waɗanda muka gama tare, ban san ko mutum biyu da har yanzu ke kwana da marasa lafiya ba, ni kaina ina cikin waɗanda suka bari. Ladan ƙwarewa a jinya ya zama barin jinya. Faransa ta buɗe wata hanya a 2018, ta anfirmiye mai masta wanda ke ci gaba da duba masu ciwon suga da hawan jini da makamantansu, da ikon sabunta musu magani. Mu da anfirmiyenmu ke yin fiye da haka a ƙauye ba tare da suna ko lada ba, mu muka fi cancanta da irin wannan mataki: a karanta, a ƙara albashi, a kuma zauna a bakin gado, da alawus na musamman ga wanda ya yarda ya zauna a Mayo Rey ko Logon da Shari.

Da safiyar Asabar na sa 'yar yayata ta kira ɗaya daga lambobin nan uku, ta buɗe murya ina ji. Ta tambayi jami'ar da ke goyon su. Mutumin ya ce suna da haɗin gwiwa da manyan jami'o'i na ciki da waje. Ta ce wacce? Ya ce ta zo ofis a yi bayani, amma ta hanzarta don kujeru sun kusa ƙarewa. Ta ce ya turo mata hoton takardar izinin ta WhatsApp. Ya ce to. Har muka ci abincin rana ba abin da ya shigo.

Muka zauna muka rubuta takardar neman izinin karatu da za ta miƙa wa shugaban gundumar lafiyarta, ta ƙara da roƙon a turo wanda zai riƙe asibitin in ta tafi, don mataimaki ɗaya gare ta da matar da ke shara. Na ba ta sunayen wurare biyu da zan raka ta mu ga takardunsu da idonmu in hutunta ya zo.

"To adashin fa, Kawu?"

Na ce wannan ita da Innarta. Ta yi dariya ta ce raguna za ta saya a ɗaure mata har izinin ya fito, in ya wuce Layya ta sayar ta sake sayen wasu. Ranar Lahadi da hantsi ta hau kalando zuwa tasha, da kwalin safar hannu biyu da ta saya a kemis da kuɗinta, don Litinin ranar rigakafin yara ce.